TABON GANYE NA CIN RABIN GYAƊAR MANOMA

Duk wanda ya ratsa gonakin Gwagwalada, ko Kwali, ko Abaji a yankin Abuja wajen ƙarshen damina, zai ga kunyoyin gyaɗa ganyensu ya yi dabbare-dabbare, yana zuba ƙasa. Manoma da yawa in sun ga haka sai su ce gyaɗa ta nuna, lokacin cira ya yi. To, sau da yawa ba nuna ba ce, cuta ce, wadda ake kira tabon ganye.

Malaman gona sun ce cutar iri biyu ce, kuma dukansu ƙwayoyin cuta dangin funfuna ke kawo su. Ta farko takan ɓullo kamar wata guda bayan shuka, tabonta ruwan ƙasa ne, da rawaya kewaye da shi. Ta biyu takan makara, tabonta baƙi ne, ya fi fitowa a bayan ganye. Ƙwayoyin sukan yi rani a cikin ragowar ganyen bara da aka bari a gona, da ruwa ya sauka sai iska da feshin ruwan sama su yaɗa su.

Ɓarnar kuwa ga yadda take. Ganye shi ne ke dafa wa gyaɗa abinci da hasken rana. In ya zube tun kwanso bai cika ba, sai ƙwaya ta fito a motse, ba nauyi. Igiyar da ke riƙe da kwanso ita ma takan yi rauni, ran cira sai gyaɗa mai yawa ta tsinke ta zauna a ƙasa. Bincike ya nuna inda ba a yi magani ba, hasarar takan kai rabin amfanin gona, in ta haɗu da cutar tsatsa har ta wuce haka. Ga kuma harawa, wadda ba ta da daraja in ba ganye.

Yankin Abuja ya fi Kano fuskantar wannan masifa, domin damina a can takan fara tun watan Afrilu har zuwa Oktoba, cutar kuwa ba abin da take so kamar laima da ɗumi.

Kada a haɗa ta da kuturtar gyaɗa, wadda ƙwaron darɓa ke yaɗawa. Ita ce ta yi mummunar ɓarna a Arewa a 1975, bayan farin 1973, har aka shiga zamanin da dalar gyaɗa ta Kano ta zama labari. Kuturta annoba ce mai zuwa jefi-jefi, amma tabon ganye kowace damina yana nan, shi ya sa aka saba da shi har aka daina ganin laifinsa.

Magani yana nan, kuma yawancinsa ba ya cin kuɗi. A yi shuka da wuri. Kada a maimaita gyaɗa a gona ɗaya shekara biyu a jere, a sa dawa ko masara a tsakani. A kwashe ragowar ganye, a tuge gyauro. Mai hali ya yi feshin magani irin su Mancozeb, daga kwana 30 zuwa 40 bayan shuka, ya riƙa maimaitawa bayan kowane mako biyu bisa shawarar malamin gona. A nemi iri mai kyau: Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru, Zariya, ta fitar da ire-iren gyaɗa masu suna SAMNUT, ciki har da SAMNUT 24 mai saurin nuna, wadda ta fito a 2011. Kafin cira kuma a tuge gindi kaɗan a ɓare kwanso. In cikin ɓawon ya yi duhu, to, gyaɗa ta nuna.

Wannan magana ta shafi 'yan'uwa mazauna Sabo ta Ibadan, da Agege da Idi-Araba a Ikko. Wasunsu da gyaɗa da ƙuli-ƙuli suke ciniki, wasu da harawa suke kiwon ragunan Layya, in gona ta gaza su ne za su ji a kasuwa. Mai aika kuɗin iri da taki gida, ya kamata ya haɗa da na feshi, ya kuma aika da saƙon cewa zubar ganye ba kullum ne nuna ba. Rigakafi dai ya fi magani.

Allah ya ba mu damina mai albarka, amin.