Gidajen raino a Abuja: abin dubawa kafin a miƙa amanar yaro

Ma'aikaciyar gwamnatin tarayya tana da hutun haihuwa. Da zarar ya ƙare, uwar da ke zaune a Kubwa ko Nyanya takan koma ga gidan raino. Manufar Ilimi ta Ƙasa ta 2013 ta tanadi mai raino ɗaya ga jarirai 10, da malami ɗaya ga yara 25 a ajin nazare. Kafin biyan kuɗi, ya kamata uwa ta ƙirga yaran da kanta, ta tambaya ko ana neman katin rigakafi, ko ana duka, wa aka yarje wa ɗaukar yaro, da abin da ake yi idan zazzaɓi ya taso. Jariri ba ya kawo ƙara gida, don haka idon uwa ne gatansa.