Luang Prabang: ladabin baƙo a garin gidajen ibada

Hausawa sun ce tafiya mabuɗin ilimi. Amma ilimin ba ya samuwa ga wanda ya shiga garin mutane bai san ladabinsu ba. Yau za mu kai ku wani ƙaramin gari na ƙasar Lawos, can kudu maso gabashin Asiya, tsakanin Sin da Biyetnam da Tailan. Sunansa Luang Prabang. Kamar ƙasarmu, Lawos ta zauna ƙarƙashin Faransa, tun daga 1893 har ta samu cikakken mulkin kai cikin 1953.

Garin yana zaune inda kogin Nam Khan ya faɗa cikin babban kogin Mekong. Nan ne aka fara girka gadon sarautar Lan Xang, wadda sarki Fa Ngum ya kafa cikin 1353. Cikin 1995 hukumar UNESCO ta saka shi cikin wuraren tarihi na duniya, sabili da tsofaffin gine-ginensa da gidajen ibada na addinin Buda fiye da 30, waɗanda suke kira wat. Abin da ya kamata baƙo ya riƙe shi ne, waɗannan gidaje ba kangaye ba ne. Akwai malamai da almajirai zaune cikinsu, kuma kullum ana ibada. Wanda ya shiga, ya shiga gidan mutane ne.

Shiri da hanya

A nemi biza wurin ofishin jakadancin Lawos tun kafin a tashi, kada a dogara ga samunta a filin jirgin sama. Jirgin ƙasa sabo ne a wannan yanki: cikin Disamba 2021 aka buɗe hanyar da ta haɗa Sin da Biyantiyan, babban birnin ƙasar, ta bi ta Luang Prabang. Daga babban birni tafiyar wajen awa biyu ce. A sayi tike da wuri, a riƙe fasfo a hannu. Tashar tana bayan gari, sai an shiga mota.

Lokacin da ya fi daɗin ziyara shi ne daga Nuwamba zuwa Fabrairu, da sanyi ba ruwan sama. Cikin Maris da Afrilu zafi ya yi tsanani, kuma hayaƙin ƙona gonaki yakan rufe sararin sama. Damina tana kamawa daga Mayu zuwa Oktoba. Kuɗin ƙasar sunansu kip, kuma ya kyautu a riƙe ƙananan takardu, domin yawancin wurare a ƙofa ake biyan kuɗin shiga.

Wuraren da ya kamata a gani

Tsohon gari ƙarami ne, da ƙafa ake zagaya shi. A fara da Wat Xieng Thong, wanda sarki Setthathirath ya gina wajen 1560. Rufinsa hawa-hawa ne, yana saukowa har kusa da ƙasa, kuma a bangonsa na baya akwai zanen wani itace da aka yi da gutsattsarin gilashi masu launi. Lokacin da mahara suka ƙone garin cikin 1887, wannan gida ya tsira. Cikin harabarsa aka ajiye keken zinariya da ya ɗauki gawar sarki Sisavang Vong, wanda ya rasu cikin 1959.

Daga nan sai tsohuwar fada, wadda aka fara ginawa cikin 1904. Bayan an kawar da sarauta cikin 1975 aka mayar da ita gidan tarihi. A harabarta ake ajiye Phra Bang, mutum-mutumin Buda mai tsawon santimetir 83, wanda daga gare shi garin ya samo sunansa. Ba a ɗaukar hoto cikin fadar, ana barin jaka a waje, kuma ana rufewa da tsakar rana.

Daura da fadar akwai dutsen Phousi. Matakala 328 ake hawa kafin a kai bisa, inda ake hangen kogunan biyu. Da maraice mutane kan cika wurin domin kallon faɗuwar rana. Mai son natsuwa sai ya hau da safe. Wanda ke da kwana biyu ko uku yana iya zuwa Kuang Si, wajen kilometir 30 daga gari, inda ruwa ke zubowa daga kan dutse, ko ya shiga jirgin ruwa zuwa kogunan dutse na Pak Ou, wajen kilometir 25, inda aka tara dubban ƙananan mutum-mutumin Buda.

Ladabin shiga

Tufafi su rufe kafaɗu da gwiwoyi, ga maza da mata. A cire takalmi da hula a bakin ɗakin ibada. In an zauna, a naɗe ƙafafu baya, domin miƙa tafin ƙafa wajen mutum-mutumin ko wajen malami cin mutunci ne a wurinsu. Ba a dafa kan kowa, ko da yaro ne. Mace ba ta taɓa malami, ba ta miƙa masa abu hannu da hannu. Ba a tilasta wa kowa ya rusuna ko ya yi ibadarsu. Shiru da natsuwa kaɗai ake nema.

Babban abin lura shi ne sadakar asuba, wadda suke kira tak bat. Da jijjifi, tsakanin ƙarfe 5 da rabi da ƙarfe 6, malamai da almajirai kan fito jere, sanye da mayafi ruwan goro, ba takalmi, kowa da ƙwaryarsa. Mutanen gari na zaune bakin hanya suna zuba musu dafaffiyar shinkafa, ba mai magana. Abin da aka zuba shi ne abincinsu. Mutanen gari sun daɗe suna kuka da baƙi masu tare hanya, masu haska fitilar hoto a fuskar malamai, da masu sayen abinci mara kyau wurin ƴan talla suna zubawa cikin ƙwarya. Wanda ba addininsa ba ne, ya tsaya a ɗaya gefen titi ya yi kallo daga nesa.

Abinci da tsaro

Ana yawan sa naman alade cikin girki, saboda haka Musulmi ya tambaya kafin ya ci. Kifin Mekong da shinkafa da ganye suna ko'ina. A sha ruwan kwalba. A kasuwar dare, wadda ke ci bisa titin gaban fada, ana samun saƙa da azurfa, amma doka ta hana fitar da tsofaffin mutum-mutumin Buda daga ƙasar. Sannan a ƙauye kada a bar hanyar da mutane ke bi: daga 1964 zuwa 1973 jiragen Amurka sun zuba bama-bamai fiye da tan miliyan 2 a Lawos, kuma waɗanda ba su fashe ba har yanzu suna kashe mutane.

Baƙo raɓa ne, in ji magabata, da hantsi ya wuce. Masu gari su ke saura da abin da ya bari. Allah ya kai matafiya lafiya, ya maido su lafiya.