Tsofaffin Finafinan Chanis a Faifan Zamani

Tun daga shekarar 2002, lokacin da kamfanin Celestial Pictures ya fara fitar da finafinan kamfanin Shaw Brothers a faifan DVD bayan ya mallaki taskarsu mai ɗauke da fim 760, aka shiga yayin tsaftace tsofaffin finafinan faɗa na Hong Kong, waɗanda muka sani da Chanis, ana sake sayar da su ga masu kallo a gida. Kuma har yau yayin bai kwanta ba, domin a 2020 kamfanin Criterion na Amurka ya tattara finafinan Bruce Lee a akwati guda, a ƙarshen 2021 kuma Arrow na Ingila ya fito da kundin Shawscope na farko mai fim 12.

Babban sababin wannan himma, a nawa nazarin, shi ne ɓarnar da zamanin kaset ya yi. Da Shaw Brothers suka daina shirya fim a tsakiyar shekarun 1980, sai suka kulle taskarsu, abin da ya rage a kasuwa ya zama kwafi ne daga kwafi, launi ya kode, an ɗora wa jarumai muryar Turanci wadda ba ta bin leɓensu. Mafi muni shi ne yankan hoto, domin an ɗauki finafinan ne da faɗin majigin silima, alhali akwatin talabijin na wancan lokaci kusan murabba'i ne, sai aka riƙa datse gefe da gefe har kusan rabin hoton ya salwanta. A fim ɗin soyayya ana iya jure wannan asara, amma a faɗa, inda hikimar duka tana cikin tazarar da ke tsakanin mutum biyu, da yadda ɗaya yake kai hari ɗayan yake kaucewa, sai mai kallo ya ga ƙafa ta tashi bai ga wanda ta sauka a kansa ba. A Ingila ma hukumar tace finafinai ta daɗe tana cire duk wurin da aka nuna sandunan nan biyu masu sarƙa da Bruce Lee ya shahara da su, har ƙarshen shekarun 1990.

Akwai kuma sababin ciniki, wanda ba ya buƙatar dogon sharhi: yaran da suka cika silima a 1973 yanzu dattawa ne masu abin hannu, suna son su mallaki abin da suka taso da shi.

Fa'idar da aka samu kuwa ba ƙarama ba ce. Wanda ya kalli The 36th Chamber of Shaolin na 1978 a sabon faifai, ya ga Gordon Liu yana hawa da bokitan ruwa, an ɗaura masa wuƙaƙe a damatsa don kada ya sauke hannu, zai fahimci cewa daraktansa, Lau Kar-leung, fim ya yi a kan ladabin ɗalibi da haƙurin neman ilmi, abin da kaset mai dishi-dishi ya ɓoye. Ta haka ne masana suka ƙara ba shi, shi da takwarorinsa King Hu da Chang Cheh, martabar da suka cancanta.

Sai dai illar tana damuna ƙwarai. Finafinan da talakawa suka raya da 'yan kuɗin tikitinsu, daga Kowloon ta Hong Kong zuwa silimomin Kano, sun koma kayan ma'abota wadata, ana buga su ƙididdigagge da tsada, galibi don kasuwar Turai da Amurka. Sa'an nan gyara ba ya yiwuwa sai ainihin zaren fim yana nan, kuma manyan kamfanoni irin su Shaw da Golden Harvest ne suka fi adana nasu. Ƙananan masu shiryawa na Taiwan da Hong Kong, waɗanda suka cika kasuwa a shekarun 1970, da yawansu sun rushe, zarensu ya ɓace ko ya lalace, sau da yawa kwafin kaset kaɗai ya rage daga aikinsu.