Mai wayarin da allon makunnan motar hamada

Motar da za ta bar Agadas ta nufi Dirku, tafiyar sama da kilomita 600 cikin Tenere, ba ta tashi yadda kamfani ya ƙera ta. Hilux ce ko Land Cruiser, direba yana son ƙari: fitilu a saman rufi, kwamfuresar hura taya bayan an rage iska don ratsa rairayi, famfon turo mai daga tanki na biyu, wani har da ɗan firji. Tun da aka gano zinariya a Jado a 2014 irin waɗannan motoci suka yawaita. Kowane ƙari kuwa yana son makunninsa, a nan mai wayarin yake shigowa.

Allon kansa ba wani abu ba ne. Guntun farantin alminiyam ne ko roba mai kauri, a auna shi da gurbin da ke ƙasan rediyo, a huda, a goge bakin da zarto, a jera makunnai biyar ko shida. Mai mota wannan yake dubawa ya ce aiki ya yi kyau. Gwanintar kuwa tana bayan allon da ƙarƙashin bonet.

Kafin ya yanki waya, maigida yakan yi lissafi. Batirin ƙaramar mota bolt 12 ne, don haka fitila mai wat 120 za ta ja amfiya 10. Wannan adadi shi zai nuna kaurin waya da girman fis. Siririyar waya a kan babban kaya zafi take yi har rigarta ta narke. Akwai kuma wayar araha a kasuwa, alminiyam ce aka shafa mata jan ƙarfe. Gwani yakan kankare bakinta da wuƙa, in ya ga fari ya ajiye ta. Araha ba ta ado.

Babbar wuta ba ta bi ta makunni. Aikin rile ne. Ɗan akwati ne mai ƙafafu huɗu ko biyar, kowace da lambarta. Wuta daga batir takan shiga ta 30, ta fita ta 87 zuwa fitila. Ƙafa ta 86 takan karɓi 'yar wutar da makunni ya aiko, 85 kuma a ɗaure ta a jikin bodi. Da direba ya danna, sai a ji ƙas, rile ya haɗa. Ta haka wutar da ke ratsa dashbod ba ta kai rabin amfiya ba, mai ƙarfin tana can gaba kusa da batir. Winci kam ba a sa shi cikin wannan layi, domin yana jan amfiya ɗaruruwa. Kebul ɗinsa daban, na'urar haɗa wutarsa daban.

Fis kuma dab da batir ake dasa shi, saboda waya yake karewa. Launi yake faɗin ƙarfinsa: ja 10, shuɗi 15, rawaya 20, kore 30. Yaron gareji da ya naɗa zaren waya a gurbin fis ɗin da ya ƙone zai sha faɗa, don motar da ke ɗauke da jarkokin mai ba ta wasa da tartsatsi.

Sauran aikin yaƙi ne da hanya. Girgiza takan kwance duk haɗin da aka murɗa da hannu, zafi kuma ya saki gam ɗin salatif. Shi ya sa ake matse bakin waya da fulaya cikin 'yan ƙarafan haɗi, a zura ta cikin bututun roba, a ɗaure duk bayan taƙi guda. Inda za ta ratsa ƙarfe a sa mata zoben roba. Inda za a ɗaura wayar bodi a kankare fenti sai ƙarfe ya fito fes.

Ma'aunin aikin kirki shi ne direba ya iya gyara shi kaɗai, inda babu gareji kuma babu sabis na waya. Don haka maigida yakan yi amfani da rile iri ɗaya duka, in na kwamfuresa ya mutu a ciro na fitila a sa. Yakan ba kowane layi launinsa, ya rubuta aikin kowane fis a murfin akwati. Ranar karɓar mota sai ya ce, “Alhaji, zo ka gani da idonka,” ya sa shi ya cire fis ya mayar, ya musanya rile da hannunsa, sannan ya ƙulla masa 'yan fis na ajiya a leda kafin a yi maganar kuɗi.