Zagayen Doki da Dabarar Kintace

A wasan ces, wanda Larabawa ke kira shaɗaranji, doki yana tsallaka gida biyu a miƙe, sa'an nan ya karkata gida ɗaya. Malaman ƙasar Hausa sun daɗe da sanin wannan taku. Muhammadu ɗan Muhammadu Bakatsine, wanda ya rasu a Alƙahira a 1741, ya yi amfani da shi wajen jera lambobin hatimi.

Matsalar da ta ɗaure wa masana kai ita ce: ta yaya doki zai taka gidaje 64 na allon, kowanne sau ɗaya tak? Al-Adli ya kawo amsa a Bagadaza wajen shekarar 840, Euler kuma ya yi nazarinta a 1759. Amma wanda ya ce zai gwada hanyoyi ɗai-ɗai har ya dace, zai yi furfura bai gama ba.

A 1823 Bajamushe Warnsdorf ya fito da ƙa'ida mai sauƙi: kullum doki ya sauka a gidan da ya fi ƙarancin mafita cikin waɗanda bai taka ba. Dalili kuwa shi ne, gidan kusurwa ƙofa biyu gare shi, na tsakiya kuwa takwas. In aka bar na kusurwa sai daga baya, za a tarar an toshe ƙofofinsa. Na tsakiya kuwa yana iya jira.

Irin wannan ake kira dabarar kintace, watau ƙa'idar da takan kai ga biyan bukata da sauri, amma ba ta da tabbas. Rauninta yakan bayyana inda gida biyu suka yi kunnen doki, domin mugun zaɓi yana iya sa dokin ya maƙale.

Ɗalibi a Gesse ba ya bukatar allon Turawa kafin ya jarraba. Gurabun dara 30, biyar sau shida, sun isa, domin masana sun tabbatar doki yana iya zagaye su duka ya komo inda ya tashi. Haka kuma ma'aikacin da zai yi rangadin ƙauyukan fadamar Rima, tsakanin Birnin Kebbi da Argungu, kafin damina ta kankama: ya fara da waɗanda ruwa ke saurin yanke wa hanya, na bakin titi su jira.