Tarihin Koguna a Jinin Kifi: Daga Kwara Zuwa Tafkin Chadi

Masuncin da ya saba jefa birgi a Yawuri, in aka ɗauke shi aka kai shi Baga, ko bakin kogin Senegal, ko ma kudancin Masar, ba zai ga baƙon abu da yawa a komarsa ba. Giwan ruwa ne, da tarwaɗa, da karfasa, da ƙurungu, da bargi, da minjirya. Tsakanin waɗannan ruwaye akwai dubban kilomitoci na tudu da yashi, kifi kuwa ba ya tafiya a ƙasa. Masana sun daɗe suna ɗaukar wannan shimfiɗa, tun daga Senegal da Gambiya, ta Bolta da Kwara da Chadi, har Nilu, a matsayin yankin kifi guda, suna ce masa yankin Nilu da Sudan. Dalilin kamannin yana cikin tarihin kogunan, kuma binciken ƙwayoyin gado na shekarun baya-bayan nan ya ƙara fito da shi fili.

Shekaru kusan 7,000 da suka wuce, lokacin da Sahara ke da dausayi, Tafkin Chadi ya kai faɗin murabba'in kilomita 350,000 ko kusa da haka. Tsohuwar gaɓarsa tana nan har yau: tudun yashin da ya bi ta Bama da Maiduguri ya miƙe arewa maso yamma. Kwalekwalen Dufuna, wanda aka gano a 1987 kusa da Komadugu Gana a jihar Yobe, ya kai shekaru kusan 8,000. A Gobero, cikin hamadar Tenere ta Nijar, inda yanzu ko rijiya sai an sha wuya, an tono ƙasusuwan giwan ruwa da māsun kamun kifi na ƙashi. Da tafkin ya cika ya batse, rarar ruwansa ta riƙa kwarara ta Mayo Kebbi ta faɗa Binuwai, daga nan sai Kwara. Wannan ƙofa ba ta rufe ɗungurungum ba. A shekarar da ambaliyar kogin Logon ta yi ƙarfi, ruwa kan tsallaka ta fadamun ƙasar Tupuri ya gangara Mayo Kebbi, sai dai magangarar Gauthiot tana barin kifi ya sauka, ba ta barinsa ya hau.

Ita ma Kwara ba haka aka same ta tun fil'azal ba. Masana ƙasa da dama na ganin koguna biyu ne: na sama yana tasowa daga tsaunukan Gini ya ƙare a wani babban tafki arewa da Tumbutu, na ƙasa kuma yana samun ruwa daga kwaruruka irin su Dallol Boso da Dallol Mauri, waɗanda yau busassu ne ana noma a cikinsu. Daga baya ruwan sama ya keta ta mashigin Tosaye, biyun suka haɗe.

Me wannan haɗuwa da rabuwa ke yi wa gadon kifi? Muddin ruwa na haɗe, kifaye na cakuɗuwa suna hayayyafa da juna, duk wani sabon sauyi da ya ɓulla a jikin wasu yana yaɗuwa ga saura, don haka garkunan ba sa nisa da juna. In ruwa ya yanke, kowane garke sai ya kama gabansa. Idan kuma garken ƙarami ne, yakan zama kamar ƙauyen da ba a aure sai na zumunci: sannu a hankali wasu siffofin gado su ɓace kawai don masu ɗauke da su ba su bar baya ba, wasu kuma su mamaye kowa. Fari mai tsanani yana yin wannan aiki da gaggawa, domin yana rage miliyoyi zuwa 'yan tsirarun da suka tsira a gurbi, kuma daga tsirarun nan ne za a sake cika kogi in damina ta dawo.

An ga sawun haka a jikin karfasar Nilu. Binciken da aka buga a 1997 ya kasa garkunanta na daji gida uku: na Afirka ta Yamma, na tafkunan kwarin Habasha, da na Nilu da Kenya. Na Senegal, Kwara, Bolta da Chadi sun faɗa gida ɗaya, kusancinsu ya fi abin da nisan taswira zai sa mutum ya zata. Wani binciken ya gano cewa karfasar Yamma na ɗauke da gadon ɓangaren uwa na wata 'yar'uwarta, shuɗiyar karfasa, alamar cewa sun taɓa barbara a wani zamani da ruwa ya haɗa su.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne batun Chadi kansa. Tafki ne mai tsohon tarihi, kwarinsa na da nau'in kifi sama da ɗari, amma da ƙyar a nuna wanda ba a samun sa a wani wuri. A kwatanta shi da Barombi Mbo, ɗan tafkin bakin dutse mai aman wuta a kudu maso yammacin Kamaru, wanda faɗinsa bai wuce kilomita biyu da rabi ba, amma yana da nau'i 11 na dangin karfasa da babu su ko'ina a duniya. Barombi mai zurfi ne, a keɓe yake, ya daɗe bai ƙafe ba. Chadi kuwa marar zurfi ne, ya ƙafe a zamanin busasshen yanayi na wajen shekaru 20,000 da suka wuce, lokacin da jigayin yashi suka rufe Kanem, kuma duk sa'ad da ya dawo, daga koguna ake sake cika shi. Gajerun kogunan Saliyo da Laberiya, da kowane ke faɗawa teku shi kaɗai, su ma sun fi manyan kogunanmu yawan nau'in da ya keɓanta da su.

Sai dai kada a mai da wannan ƙa'ida marar togaciya. Tafkin Biktoriya ma ya ƙafe kimanin shekaru 15,000 da suka wuce, duk da haka ya haifar da nau'i wajen 500 na dangin karfasa. Wani bincike na 2017 ya nuna cewa kakanninsu ruwa biyu ne, barbarar zuriyar Kwango da ta Nilu ta sama, kuma wannan cakuɗa ce ta tanadi kayan gadon da sababbin nau'o'i suka tsiro daga ciki. Ke nan haɗuwar koguna tana iya shafe bambanci, tana kuma iya zama tushensa. Abin ya danganta da wa ya haɗu da wa, da kuma irin gidan da suka tarar.

Abin da yanayi ya yi cikin dubban shekaru, yanzu hannun mutum na yin sa cikin rayuwar mutum ɗaya. An datse Kwara a Kainji a 1968, aka yi madatsar Tiga a 1974, Bakolori a 1978, Maga a gefen Logon a 1979, Lagdo a kan Binuwai a 1982, Challawa a 1992. Kowace madatsa katanga ce tsakanin kifin sama da na ƙasa, kuma tana rage ambaliyar da ke cika fadamun da 'ya'yan kifi ke girma, kamar na Haɗeja da Nguru. Tafkin Chadi, da ke da kusan murabba'in kilomita 25,000 a 1963, ya rabu gida biyu a farin 1973, ya kuma ragu ƙasa da kashi ɗaya cikin goma a shekarun 1980. Kifin da ya fi jin jiki shi ne mai ƙaura, irin salanga, wanda ke barin tafki ya hau kogunan Shari da Logon don yin ƙwai. Kamunsa ya faɗi warwas, tarwaɗa da karfasa da bargi masu jure ruwan fadama suka cika kwandunan banda. Gaiwa, da ke shigewa laka ta jira damina, ba ta damu ba. Rabuwar shekaru hamsin ba ta isa ta haifar da sabon nau'i ba, amma ta isa ta rage wa ƙaramin garke abin da zai fuskanci cuta ko zafi da shi.

Kiwon kifi ya zo da nasa. Yawancin 'ya'yan tarwaɗar da ake sayarwa daga iyaye ƙalilan suke fitowa, ana ta juya su shekara da shekaru, wasu kuma barbarar tarwaɗa da ramboshi ne. Ambaliya ɗaya ta ishi kududdufin kiwo ya zube cikin kogi. Masu kiwo kan yi kukan cewa iri ya lalace, 'ya'ya na mutuwa ko ba sa girma, maganin kuwa yana wurin kifin daji. Karfasar GIFT da ta cika gonakin Asiya, wadda aka fara kyautatawa a Filifin a 1988, an haɗa ta ne da irin daji daga Masar, Gana, Kenya da Senegal.

Sai babbar magana, wato shirin jawo ruwa daga kwarin Kwango zuwa Shari don farfaɗo da tafkin, wanda taron Abuja na Fabrairun 2018 ya mara wa baya. Bukatar ruwan gaskiya ce, miliyoyin mutane na rayuwa a kan tafkin. Amma Kwango wani yankin kifi ne dabam, mai nau'i sama da dubu, akasarinsu babu su a arewa. Magudanar da za ta haɗa su za ta kawo masu cin wasu, da masu gasar abinci, da cututtuka, da dangin da za su yi barbara da na gida, kuma in an buɗe ba a iya tsince su a mayar. A ganina, kafin a haƙa ko taku ɗaya, ya kamata Hukumar Tafkin Chadi da cibiyar binciken kifi ta New Bussa da takwarorinsu na Kamaru, Chadi da Nijar su ɗebi samfurin gadon kifayen Shari, Logon, Yobe da Binuwai su adana, domin a san abin da ke akwai kafin ruwan kwarin Kwango ya iso.