Sojan Bama da Matar da Ta Jira Shi

Ya ku malamai da fatake, da yawa cikinku sun san Barikin Chindit na Zariya, amma kaɗan ne suka san asalin sunan. Sunan wata runduna ce da ta kutsa dajin Bama a 1944 ta ɓullo wa Japanawa ta baya, cikinta kuwa akwai bataliya 3 na Nijeriya. Sauran 'yan'uwansu na runduna ta 81 aka tura su kwarin Kaladan.

Na san ɗaya daga cikin mutanen Kaladan ɗin, wani dattijo manomin auduga a wani ƙauye tsakanin Funtuwa da Malumfashi. Ya shiga jirgin ƙasa a Funtuwa, daga Ikko jirgin ruwa ya sauke su Bombai a 1943. Aikinsa dako ne. Ƙasar duk tsauni ce da kurmi, mota ba ta shiga, sai jirgin sama ya jefo abinci da harsashi, su kuma su ɗauka a ka. Sarkin Katsina Alhaji Usman Nagogo, bayan ya hau gado a 1944, ya taka har Indiya da Bama ya gaishe su, abin da tsohon bai daina faɗa ba har ya bar duniya.

To, amma labarin gida fa? Ya bar mata da 'ya'ya biyu da tsohuwa. Gishiri da yadi suka yi wuya. Daga 1942 zuwa 1944 ana ɗiban maza na tilas zuwa haƙar kuza a Jos, saboda haka mai taya noma ya yi ƙaranci. Ɗan abin da ake yankowa daga albashinsa ba ya isa, takarda kuwa sai ta yi watanni a hanya, in ta zo a nemi mai karantawa. Sa'an nan aka daina jin ɗuriyarsa ɗungum, har aka soma raɗe-raɗin ya mutu.

Malamai sun san hukuncin matar wanda ya ɓace a Risala: shekara 4 daga ranar da ta kai ƙara aka bincika aka rasa labarinsa, sa'an nan ta yi takaba. In ta yi wani aure har ta tare, na farko ba shi da sauran hanya. Karanta wannan a zaure abu ne mai sauƙi, amma a gidan da rumbu ya ƙare tun kafin shuka, magana ce mai nauyi. Wasu sojoji sun komo sun tarar an aure matansu, ni kuwa ban ga laifin matan ba.

Ita wannan ba ta je gaban alƙali ba. Da kaɗi da surfe ta riƙe gidan damina uku, har ya sauka tashar Funtuwa a 1946. Shi aka yi ta kira mazan jiya, lambobinsa suna nan cikin gwangwani a hannun jikansa. Mazarinta ma yana cikin gwangwanin.

Allah ya jiƙansu baki ɗaya.